Kada Ka Buɗe Bakin Gargazar Nan

Bodinga,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga Maigidana mai sunan Malam, wanda ya tsere Zuru ya bar amaryarsa da sanda,

Assalamu alaikum. Kada ka zauna tukuna, ga wani ƙulli na tare ka da shi tun bakin zaure. Uwa ce, ba ta da zanen goyo, ba ta da ɗaki balle ƙofar rufewa. Ana dukanta ba ta kuka. Ana miƙa mata abinci tana kau da kai, alhali ba azumi take yi ba, ba kuma fushi ba. Duk da haka ɗiyanta na wuri ɗaya, ko guda bai ɓace ba. Wace ce? In ka kasa sai ka ba ni gari. Kada ka ba ni Danchadi, ka riga ka ba ni shi tun kana yawo ba wando, na cinye albasar garin ƙaf. Zurun nan da ta ƙwace mini kai nake so.

To, yanzu zauna mu gaisa. Ina kwana, ina baƙunta, ina aiki? Allah shi tsare mini kai a kwance da tsaye, shi raba ka da zazzaɓin baƙon wuri da mugun aboki, shi sa waɗanda ke sama da kai su ji tausayinka. Mu nan kowa lafiya lau. Labarin gida ba shi ya sa na ɗauki biro ba, in ka zo hutu ka ji shi da kunnenka.

Takardarka ta iso jiya ta hannun Mamman direba. Da kaina na karanta, ban kai wa kowa ba. Bokona na yaƙi da jahilci ne, amma ya isa ya bi sawun kajin da kake kira rubutu. Shafi uku cur. Gaisuwata layi biyu, sauran duk kifi. Na gode, na san matsayina.

Ga abin da na fahimta. Ba'indiyen nan malamin kimiyya da kake taimaka wa a ɗakin gwaje-gwaje ya tattara ya koma ƙasarsu tunda zama ya yi tsauri, ya bar maka akwatin gilashi da gargaza huɗu a ciki, waɗanda mutanen Kano ke kira karfasa don su nuna sun fi mu iya magana. Uku sun taru a kan ƙaramar. Sun yayyage mata wutsiya, sun ɗaye mata ɓawon gefe guda, ta koma lungu ta tsaya. Kwana shida ba ta ci komai ba, ƙasan haɓarta ya kumbura. Ka ce ran Asabar, in 'yan makaranta ba su nan, za ka kamo ta ka buɗe bakin da tsinken ashana, ka ɗura mata koko da garin kafso. Wai tunda ni ɗiyar masunci ce, in gaya maka ko kafso guda ya isa.

Mamman zai juya gobe, wagga takarda za ta same ka ran Juma'a in Allah ya yarda. Abu guda nake roƙonka, shi ya sa na bar surfe na zauna: kada ka buɗe bakin kifin nan. Ko da tsinke, ko da yatsa, ko da lallashi. Dalilin na can ƙasa. In ka tsallaka ka leƙa zan sani, don tun kana ƙarami ta tsakiya kake fara cin tuwo.

Kada ka zaci gwanar kiwon kifi ce ke yi maka magana. Gwanar kashe su ce. Duk abin da na sani a kan gargaza, wata ce ta wahala ta koya mini shi, kuma duk a rani guda, a gidanmu na Mandera, ina yarinya ban fi shekara goma ba.

Babana, Allah shi jiƙansa, in damina ta wuce tafkin bayan gari ya fara janyewa, sai ya rataye fartanya ya ɗauki komarsa ta kamun kifi. Wata rana ya dawo da ƙananan gargaza a ƙwarya suna motsi, na sa kuka sai an bar mini su da rai. Inna na da wata randa da bakinta ya ɓalle, an jingine ta bayan rumbu ƙarƙashin tsamiya. Na zuba yashi a gindi, na cika ta da ruwan tafki, na saki guda biyar a ciki. Na zama mai garke.

Ba a yi mako biyu ba wani mai jan ƙirji ya haƙa rami a yashin, ya zauna kai. Duk wanda ya gifta sai ya kai masa cizo. Na sa masa suna Dogari. Da na ga ya yage wa wata wutsiya, na zauna na yi shari'a ni kaɗai, ni ce alƙali ni ce shaida. Na kamo Dogari, na sa shi a kaskon Inna, na cinye shi da yaji. Washegari na leƙa randa, ga wani ya hau ramin, ƙirjinsa ya fara ja, yana cizon wadda anka ciza jiya.

Baba ya same ni ina zumɓura baki. Ya ce, "Altine, an ce kin soye mai laifi?"

Na ce, "Awo, Baba."

Ya ce, "To wanga da ya gaje shi fa, da yaji za a ci shi ko da gishiri? In kin bi haka, ran Juma'a randa ke gare ki, ba kifi."

Daga nan ya tsuguna ya nuna mini. Ya ce a tafki ma suna faɗa, amma wanda anka kora yana da wurin zuwa, ya shiga ciyawa, mai korar ya manta da shi. A randata kuwa, in ya gudu gabas sai ya ci karo da bango, ya dawo bakin wanda ya kore shi.

Saboda haka kada ka ɓata zuciyarka a kan ukun nan, kada ka soya kowa. Akwatinka ma ya fi randata muni, tunda gilashi ne tas, kowa na ganin kowa daga wannan bango zuwa wancan. Ka nemi fasassun tukwane da duwatsu masu santsi, ka wanke su da ruwa zalla, ka jera su yadda in kifi ya shige bayan ɗaya ba a hango shi. Amma kafin wannan, mai ciwon za ka fitar, ita ce ba ta da lokacin jira. Na ga kuma a ƙasan shafi na biyu ka ce ku uku ne a ɗaki guda, manyan biyu suna yi maka tsawa a kan kananzir. Ba ni cewa sun kyauta. Amma bana kowa a matse yake, har mai haƙuri ya koyi cizo. Ka samo wa kanka wurin zama a waje, ko gindin bishiya ne, inda idonsu ba ya kanka wuni guda.

Fitar da mai ciwon ma akwai yadda ake yi, ni ban san shi ba sai da na yi ɓarna. Hannu na zura na yi ta bin ta, tana zillewa, har ruwa ya dame. Da na kama ta na ji jikinta da yauƙi, na ce ƙazanta ce, na goge ta tas da bakin zanena. Na ɗauko akushin da ya fi kowanne kyau, na dirje shi da toka da sabulun salo, na jawo ruwa mai sanyi daga rijiya, na sa ta ciki. A zuciyata na sauke baƙuwa a ɗakin amarya. Kafin la'asar cikinta na sama.

Baba ya ɗauki akushin ya shinshina, ya miƙo mini. Ya ce, "Ke za ki sha wanga?" Na ce a'a. Ya ce, "Ita kuwa da shi take numfashi." Sannan ya ce yauƙin da na goge shi ne rigarta, shi ke hana ciwo shiga. Na tuɓe ta, na jefa ta ruwan da ba ta sani ba, ga rauni a jiki.

To kai kada ka taɓa ta da hannu. Ka nutsa kwano cikin ruwan, ka kora ta a hankali har ta shige da kanta, ka ɗago ta da ruwanta. Ka yi wannan a natse ƙwarai, kada ta firgita. Za ka gane dalilin nan gaba. Baho mai faɗi ka nema, ba mai zurfi ba, don ka ce wuta na yawan ɗaukewa, na'urar kumfar nan mai hura wa ruwan akwatin iska tana tsayawa. Ruwa mai faɗin fuska ya fi shan iska. In wutar ta daɗe ba ta dawo ba, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana tsiyayo shi daga sama ta gefe guda, kamar mai fifita koko. Rabin ruwan bahon ya zama daga akwatin da ta fito. Sauran, in na famfo ne, ka bar shi ya kwana a bokiti buɗe, don ruwan famfon birni warin magani yake yi. Bayan kwana biyu-biyu ka ɗebe kaɗan ka mayar da kaɗan, kada ka juye duka. Sabulu kuwa ko kusa. A nan Allah ya taimake ka, tunda sabulun ma babu shi. Shekaranjiya na tsaya layi tun hantsi har azahar, da anka zo kaina anka ce ya ƙare, sai wata mota mai lasifika ta wuce tana gaya mana an kusa jin daɗi. Na dawo na dafa toka kamar zamanin Inna.

Zancen kafsonka ya tuna mini da gishiri. Baba ya ƙaro mini wasu ƙanana daga tafki, faɗa ya sake tashi, anka sake raunata wata. Wannan karon shi ya fitar da ita, na ga ya tsinci gishiri da yatsa uku ya narka a ƙoƙo ya zuba mata. Ya ce yana taimakon rauni. Da ya juya baya na yi nawa tunanin: in ɗan wannan zai warkar a mako guda, cikin hannu zai warkar yau. Na kwaso cikin hannu biyu, na ƙara da kanwa, tunda na ga Inna na ba akuya in cikinta ya ɓaci. Kifin ya yi ta tsalle kamar ana tsikararsa, ni ina murna wai ƙarfi ya dawo.

Inna ce ta fara gano ni, da ta buɗe tukunyar gishiri. Ta zo ta tsaya kaina ta ce, "Altine, jinya kike yi ko miya? In miya ce ki gaya mini in kawo daddawa." Na so in yi dariya, amma na duba baho na ga ba abin dariya.

Ƙaramin cokalin shayi guda a bokitin ruwa, shi ke nan, kuma ka narka shi tukuna. Ba kanwa, ba kafso, ba shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo. In ka ga wani farin abu kamar auduga ya fito a kan raunin, ruwanka ne ya ƙazanta, shi za ka gyara. Abinci ma haka. Ka ce na gwangwanin da Ba'indiyen ya bari ya ƙare, kanti kuma babu. Kada wannan ya dame ka, kakannin gargaza ba su san gwangwani ba. Dusar gero kaɗan, ɗan garin ƙuliƙuli, gara in ka samu. Ukun nan ka ba su abin da za su cinye kana tsaye. Mai ciwon kuwa, in ka sa mata ta ƙi, ka kwashe da ludayi kada ya yi tsami a ruwa, kuma kada ka ji haushi. Hannunka mai yawan bayarwa ne, a wurina ka gado, kuma ni na san ɓarnar da nawa ya yi.

Yanzu ga wanda nake jin kunyarsa, don sau biyu na yi shi, sau ɗaya ga kifi, sau ɗaya ga mutum.

Wata da anka ciji gefen idonta, na yi mata komai daidai. Ruwa daidai, gishiri daidai, na rufe bahon da faifai. Amma ban iya zama ba. In na share tsakar gida sai in ɗaga faifai in duba. In na dawo daga rijiya in ɗaga. In ƙawayena sunka zo in ɗaga, mu kewaye ta da kawuna, wannan ta tsokane ta da kara don ta ga ko tana motsi. Duk ɗagawa sai ta zabura ta bugi bango, raunin da ya fara haɗewa ya sake buɗewa. Baba ya ce, "Wagga ba ciwo ne zai kashe ta ba, gaisuwa ce." Ya ɗauko fasasshen tulu ya kifa mata a ciki, ya ɗora dutse a kan faifan, ya ce sau biyu a yini, safe da yamma, kuma ni kaɗai. A kwana tara ta warke.

Ka ce na koya ke nan? Shekaru da yawa bayan haka, shekarar farin nan da shanu sunka ƙare, babanka ya tafi ci-rani Kurmi, ya dawo a rame, ba kaya, ba magana. Ya shiga ɗaki ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Ni uwarsa, don tsananin so, na aika wa dangi kaf. Na Shagari sunka zo, na Danchadi sunka zo. Kowa ya shiga ya ɗaga labule, "Mi ya faru? Wa ya taɓa ka? Ina kayanka?" Ni ma in na kai tuwo sai na tsaya kansa da tambaya. Kwana huɗu ana haka, ran na biyar da safe na tarar da ɗaki wayam, ya koma bukkar gona ya zauna shi kaɗai. Kakanka Malam, wanda ka ci sunansa, shi ya riƙa kai masa abinci, ya aje, ya zauna nesa yana gyaran igiyar shadufun ban ruwa, bai tambaye shi komai ba. Bayan mako uku babanka ya dawo gida da ƙafarsa. Ya gaya wa Malam abin da ya same shi a can. Ni har yau bai gaya mini ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kada ka tambaye shi wannan zance, ni ce na ba ka, ba shi ba.

Don haka ka kifa mata guntun tukunya ta shige, ka yafa tsumma a kan rabin bahon, ka aje shi inda ba a yawan wucewa. 'Yan makaranta za su so gani, ka ce musu likita ya hana. Kai ne likitan, ba ƙarya ka yi ba.

Ita wadda ta warke ɗin nan ma, ƙarshenta bai yi kyau ba, kuma ni ce sanadi. Ina ganin ta fara cin dusa na ce ta yi kewar 'yan'uwanta, na mayar da ita randa da rana tsaka, na tafi tallan gyaɗa. Na dawo na tarar sun gama da ita. Su a wurinsu baƙuwa ce ta faɗo musu gida, kowa na da raminsa, ita ba ta da ko ɗaya. In lokacin mayar da taka ya yi, sai wutsiyar ta tsiro, sai ta ƙoshi ta yi ƙiba. Ranar ka fara rushe musu gari: ka baje ramukan yashi, dutsen gabas ya koma yamma, tukunyar tsakiya ta koma lungu. Kowa ya zama baƙo yana neman masauki, ba mai lokacin tsare ƙofa. Ka ciyar da su, sannan ka sake ta, ka ɗauko kujera ka zauna. In sunka sake taruwa kanta, ka fitar da ita, ta zauna bahonta har abada. Ba dole ne kowa ya koma inda anka cije shi ba.

Hannuna ya gaji, biron nan kuma yana tsallake, amma yanzu na zo inda nake son zuwa.

Ƙarshen ranin nan, ruwan tafki ya kusa ƙafewa, anka bar ni da 'yan kaɗan a randa. Cikinsu akwai wata ƙarama mai duhun jiki. Mai ramin ya yi kwana biyu yana zagaya ta kamar abin arziki, daga baya ya juya mata da cizo, sauran sunka taya shi. A lokacin na zama gwana a ganina. Na fitar da ita da ƙoƙo, ban taɓa ta ba. Ruwanta, ɗan gishirinta, guntun tulunta, faifai da dutse. Raunin ya fara haɗewa. Sai dai ba ta ci. In na sa dusa ta matso kamar za ta ɗauka, sai ta ja da baya. Ƙasan haɓarta ya yi tulu, bakin a rufe, tana ta motsa shi a hankali kamar tsohuwa mai tauna goro ba haƙora. Kwana biyar, kwana shida. Na ce ko tsakuwa ce ta maƙale mata, yunwa za ta kashe ta ina kallo, bayan duk wahalar da na sha.

Ranar Baba ya kai banda kasuwar Shagari. Da yana gida da na tambaye shi, amma a gaskiya ban so ya kasance a gida ba. So nake ya dawo ya tarar na warkar da ita ni kaɗai.

Na jiƙa hannuna, na kamo ta, na zare tsinke daga tsintsiyar Inna. Ta datse bakin, ƙaramar aba amma sai da na sa ƙarfi. Da ya buɗe, sai wasu 'yan ƙwayoyi sunka zubo mini a tafin hannu, rawaya-rawaya, kamar geron da anka jiƙa. Da yawa, har suna zuba ta tsakanin yatsuna. Na ƙyalƙyale da dariya na ce, "Ɓarauniya! Ashe ɓoyo kike yi ina nan ina tausayinki." Na girgiza ta sauran sunka fito. Don kada a yi asarar abinci, na watsa su cikin babbar randa. Kafin in ɗauraye hannu sauran kifayen sun cinye.

Na mayar da ita baho. Ba ta shiga tulunta ba. Ta yi ta zagaya gindin bahon, tana ɗaukar tsakuwa a baki tana tofarwa, ta ɗauki wata ta tofar, har rana ta yi sanyi. Da na sa mata dusa da yamma, ta ci.

Na tari Baba tun bakin ƙofa, ko kayansa bai sauke ba. Na ce, "Baba, na warkar da ita! Tana ci!"

Ya ce, "Madalla. Da mi?"

Na ba shi labari duka, har da yadda sauran sunka yi wawa. Ya aje kwandonsa. Ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya riƙe a hannu, abin da ban saba gani ba. Na jira faɗa, bai yi ba. Na jira irin ba'ar da ya saba, ita ma ba ta zo ba. Can ya ce, "Altine, zo in ƙulla miki wani abu." Shi ne ƙullin da na tare ka da shi a farkon takardar nan, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce kaza, ya ce kaza na da fiffike. Na ce kunama, ya ce kunama na da baya. Na ba shi Mandera, na ba shi Shagari, har Sakkwato na ba shi. Ya ce, "Wanga ba na gari ba ne. Sai kin gani da idonki."

Bayan kwana uku ya kai ni bakin tafki da sassafe, inda ruwa bai kai gwiwa ba. Ya ce in tsuguna kada in motsa. Mun daɗe har ƙafata ta yi tsami. Sai na ga wata gargaza tsaye gefen ciyawa, ita ma wutsiyarta a yage, kewaye da ita wani abu kamar hayaƙi, 'yan mitsi-mitsi masu ido biyu da wutsiya kamar zare. Baba ya ɗaga hannu, inuwarsa ta faɗa kan ruwan. Nan take hayaƙin nan ya taru wuri guda ya ɓace, ita kuma ta juya ta shige ciyawa da haɓarta tulu.

Tawa ta rayu, Maigida, har ta girma, da damina na mayar da ita tafki. Sauran da sunka mutu a hannuna na san na yi laifi tun a ranar. Wannan kuwa har rawa na taka.

Ban ga taka da idona ba, ina iya yin kuskure. Ka tsaya nesa ka dube ta. In tana kwanciya gefe, tana haki, tana tangaɗi, ciwo ne, ka bi ruwa da gishiri, saura na Allah. In kuwa tsaye take cak, ido garau, baki a rufe tana taunar goron nan, to ka bar ta. Daga ranar da ta daina ci, kwana goma ne zuwa mako biyu, kuma ka riga ka cinye mafi yawansu. Yunwar mako biyu ba ta kashe gargaza. Ran da ta buɗe bakin da kanta sai ka ba ta abinci, ka kuma tace dusa mai laushi kamar gari, za ka sami masu ci. Kada ka kusantar da bahon nan da akwatin ukun can. Ashanarka kuma ka adana ta, ita ma ta yi wuya a kasuwa.

Allah shi ba ka haƙurin da ni ban samu ba sai da na tsufa. Allah shi tsare hanyar Mamman, shi kawo maka wagga takarda kafin Asabar. Shi kiyaye ka daga ciwo da sharrin mutane, shi sauƙaƙa mana wannan zamani, shi dawo mini da kai Bodinga da ƙafarka, ko da ka dawo kana warin kifi. Ka gaida abokan ɗakinka, duk da tsawarsu.

Ni ce amaryarka mai haƙori huɗu,
kakarka Altine.

Amsar ƙulli: gargaza ce. A baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, ba ta cin komai sai sun iya iyo. Abin da na watsa wa sauran a randa ranar nan ɗiyanta ne.